Wasiƙa zuwa ga Edita: Sanata McConnell da ranar 13 ga Fabrairu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da dukkan ma'aikatan tasharku, na rubuto ne game da sharhin da kuka gabatar a kan Sanata Mitch McConnell na jihar Kentucky ta Amurka, wanda ya sanar tun a Fabrairun 2025 cewa ba zai sake tsayawa takara ba, wa'adinsa kuma zai cika a Janairun 2027 bayan shekara 42 a Majalisar Dattawa. Mai sharhin ya kira shi jigon masu ra'ayin riƙau, ya jero muƙamansa, sannan ya rufe da yaba masa kan ƙin amincewa da Robert F. Kennedy ƙarami a matsayin sakataren lafiya. Ni ma na yaba da wannan ƙuri'a, kuma ina da dalilin da ya fi na mai sharhin, amma ina ganin ba a yi wa masu sauraro adalci ba da aka ambace ta ita kaɗai.

Dalilina shi ne, kamar McConnell, ni ma shan inna ta taɓa ni ina ƙarami, har yau da sanda nake tafiya, kuma ban manta da mahaifiyata tana gasa mini ƙafar dama da tsumma da ruwan ɗumi kowace asuba, tana shafa man shanu, tana miƙe ta a hankali ina kuka ba. Saboda haka tun ranar da na fara jin tarihin ƙuruciyar McConnell nake bibiyar labarinsa. An haife shi a 1942 a jihar Alabama, cutar ta kama masa ƙafar hagu yana da shekara 2, a lokacin mahaifinsa yana aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Mahaifiyarsa ce ta riƙa kai shi cibiyar Warm Springs da ke jihar Georgia, wadda Shugaba Franklin Roosevelt ya kafa bayan shi ma ƙafafunsa sun shanye, kuma ta shafe kusan shekara 2 tana motsa masa ƙafar a gida sau da yawa a rana, tana hana shi takawa kamar yadda likitoci suka umarta. Duk uwar da ta taɓa ƙoƙarin zaunar da yaro mai shekara 3 wuri ɗaya ta san nauyin wannan aiki. A wancan zamani babu rigakafi, domin sai a 1955 aka fara amfani da allurar da Jonas Salk ya ƙirƙiro.

Mu a Kano mun san abin da jita-jita kan rigakafi ke haifarwa, domin a 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a nan kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka zuwa wasu ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, sai a Agustan 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali. Ina ganin samarin da aka haifa a wancan tsakani suna tuƙa keken guragu da hannu a bakin titi, kuma na san wasunsu da iyayensu. Don haka da aka wayi gari ranar 13 ga Fabrairun 2025 McConnell ya zama ɗan jam'iyyar Republican ɗaya tilo da ya ƙi zaɓen Kennedy, mutumin da ya daɗe yana sa wa jama'a shakku kan allurar rigakafi, ya kuma kafa hujja da abin da ya same shi yana yaro, na ji daɗi har cikin raina. An dai tabbatar da Kennedy da ƙuri'a 52 da 48.

Sai dai wannan rana ta 13 ga Fabrairu ta zo wa sanatan har sau uku da babban al'amari, kuma sauran biyun ne sharhinku ya tsallake.

Kafin na zo kansu, ya kamata a san wane irin ɗan siyasa ne. Bai fara da tsattsauran ra'ayi ba. Yana ɗalibi ya halarci gangamin neman 'yancin baƙar fata a Washington a 1963, ya yi koyon aiki a ofishin Sanata John Sherman Cooper mai sassaucin ra'ayi, kuma bayan ya ci kujerarsa a 1984 da ratar ƙuri'a kusan dubu 5 kacal, yana cikin 'yan Republican da suka saɓa wa Shugaba Ronald Reagan a 1986 lokacin da ya hau kujerar naƙi kan dokar ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi. Bai shahara da iya jawabi ba, ba shi kuma da farin jinin da ke tara jama'a a fili. Jarinsa shi ne haƙuri, da sanin ƙa'idojin majalisa ciki da waje, da iya ƙirga ƙuri'u kafin a jefa su, kuma da wannan ya jagoranci jam'iyyarsa a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2025, tsawon da babu wani shugaban jam'iyya da ya taɓa yi a tarihin majalisar.

Ranar 13 ga Fabrairun 2016 alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya rasu, kuma a ranar, kafin Shugaba Barack Obama ya ambaci sunan kowa, McConnell ya ce ba za a cike gurbin ba sai jama'a sun zaɓi sabon shugaban ƙasa, alhali saura kusan wata 9 a yi zaɓen. Obama ya gabatar da Merrick Garland, aka bar sunansa a ajiye kwana 293 ko zaman tantancewa ba a yi masa ba. Da mai shari'a Ruth Bader Ginsburg ta rasu a Satumban 2020, shi dai wannan McConnell ya sa aka tabbatar da Amy Coney Barrett ana saura kwana 8 zaɓe. Hujjarsa ita ce a 2016 fadar shugaban ƙasa da majalisa suna hannun jam'iyyu daban-daban, a 2020 kuwa suna hannun jam'iyya ɗaya. Bai karya wata doka ba, kuma magoya bayansa suna ganin alƙalai sama da 200 da aka naɗa a zangon farko na Trump, ciki har da 3 a Kotun Ƙoli, su ne babban gadon da ya bar musu, musamman da kotun ta soke hukuncin da ya halatta zubar da ciki a duk faɗin ƙasar a 2022. Mai karatu na iya jin daɗin wannan hukunci ko ya ƙi shi, amma ɗan kasuwar da yake saye da babban mudu ya sayar da ƙarami mun san sunan da ake kiran sa a kasuwa, ko da hatsinsa mai kyau ne.

Ta ukun ita ce ta fi ci mini rai. Bayan magoya bayan Donald Trump sun afka wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, Majalisar Wakilai ta tuhume shi, shari'a ta zo gaban dattawa, aka jefa ƙuri'a ranar 13 ga Fabrairun 2021. Sanatoci 57 suka same shi da laifi, ciki har da 'yan Republican 7, ana bukatar 67, da an samu kuwa da ƙuri'a mai sauƙin rinjaye ta isa a haramta masa sake riƙe muƙami. McConnell ya sanar da abokan aikinsa tun da safe cewa zai wanke shi, ya wanke shi, sannan ya miƙe a zauren ya faɗa da bakinsa cewa Trump ne ke da alhakin tunzura abin da ya faru, a aikace da kuma a ɗabi'ance. Uzurinsa shi ne majalisa ba ta da hurumin hukunta shugaban da ya riga ya sauka, alhali shi ne ya ƙi kiran majalisar ta dawo daga hutu da wuri lokacin da Trump yake kan mulki. Wannan jawabi ihu ne bayan hari, daga mutumin da ya ga maharan kuma ƙyauren yana hannunsa. A Maris na 2024 ya mara wa Trump baya a takara, duk da cin mutuncin da Trump ya yi wa matarsa Elaine Chao a bainar jama'a, kuma wannan shugaban da ya dawo shi ne ya ɗauko Kennedy ya damƙa masa lafiyar ƙasar.

A 2021 McConnell yana riƙe da ragamar sanatoci 50, maganarsa tana da nauyin da za ta iya jawo wasu, sai ya zaɓi kare jam'iyya da kujerar shugabancinsa. A 2025 ya riga ya miƙa shugabancin ga John Thune, mako guda bayan ƙuri'ar tabbatar da Kennedy ya ce ba zai sake neman ƙuri'ar mutanen Kentucky ba, kuma mutumin da ya ƙware a ƙirga ya san ƙuri'arsa ba za ta hana Kennedy wucewa ba. Ban ce bai jefa ta da zuciya ɗaya ba, domin wanda ya taɓa kwanciya uwarsa tana miƙe masa ƙafa ba ya wasa da wannan magana, ni shaida ne.

Roƙona shi ne, idan Allah ya kai mu lokacin saukarsa kuka sake waiwayar tarihinsa, ku ba masu sauraro ranakun nan uku a jere da shekarunsu da adadin ƙuri'un, ku kuma gayyato wanda ya san aikin majalisa ya bayyana musu abin da ke hannun shugaban sanatoci a kowacce daga cikinsu.

Na gode, a huta lafiya.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Kano.