Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Iyaye da Malamai, Ɓangaren Ƙaramar Sakandare, na Shekarar Karatu ta 2024/2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Shugaban ƙungiya, Shugaban makaranta da mataimakansa, malamanmu, iyayenmu mata da iyaye maza, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekarar karatu lafiya.

A babban taronmu na farkon shekara kun ɗora wa kwamitin zartarwa aiki ɗaya da kuka ce ya fi gyaran taga da sayen alli gaggawa: a nemo hanyar da uwa da uba za su riƙa sanin abin da ɗansu yake koya a aji tun zango bai ƙare ba. Wannan rahoto bayani ne na inda muka kai da kuma inda muka gaza.

Waɗanda suka halarci taron nan ba za su manta da mahaifin da ya miƙe da takardar sakamakon ɗansa na aji biyu ba. Takardar ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Ya ce bai san yaron ya kasa gane lissafi ba sai ranar da ta shigo hannunsa, bayan mako 12 ko 13 ana ba shi kuɗin tara kullum yana fita. Gaskiya ya faɗa. A yawancin makarantu gwaje-gwajen cikin zango da jinga su ke ɗauke da maki 30 ko 40 cikin 100, don haka kafin a zauna jarrabawa yaro ya riga ya samu ko ya rasa kaso mai tsoka. Faɗan da ake yi masa ranar karɓar sakamako ihu ne bayan hari.

Ƙaramar sakandare ta bambanta da firamare ta wannan fuska. A firamare yawanci malami ɗaya ne ke riƙe da aji, uba ya san shi, wataƙila ma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Da yaro ya shigo aji ɗaya sai ya tarar da darussa fiye da goma, kowanne da malaminsa, a daidai shekarun da ya fara ɓoye cikinsa. Ka ce masa, “Me aka koya muku yau?” ya ce, “Ba komai, Baba.” Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara tara na karatu kyauta, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa yaro ya halarta ya kammala. To, da me uba zai sauke wannan nauyi idan bai san abin da ke faruwa a bayan katangar makaranta ba?

Saƙon ranar Alhamis

Mun fara da buɗe wa kowane aji zaure a WhatsApp, kuma a nan muka yi kuskurenmu na farko. Saƙonnin a rubuce suke, da Turanci, kuma kowa na iya tura abin da ya ga dama. Ba a yi wata guda ba sanarwar malami ta nutse a cikin hotunan biki, tallan atamfa da muhawarar siyasa. Laifin namu ne, mu 'yan kwamiti, domin ba mu gindaya ƙa'ida tun farko ba.

Sai muka sake shiri. Malamin aji da wakilin iyaye kaɗai ke iya tura saƙo a zauren, mai tambaya kuma ya kira wakilin. Kowace Alhamis da yamma malamin aji yana tura saƙon murya da Hausa wanda bai wuce minti uku ba. Yana faɗin abin da aka koyar a makon, jingar da aka bayar, gwajin da ke tafe, sannan ya rufe da tambaya ɗaya da kowace uwa za ta iya yi wa ɗanta ko da ba ta taɓa shiga aji ba.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce, a ganina, abu mafi amfani da muka yi a duk shekarar. Makon da 'yan aji ɗaya suka yi darasin yadda ruwa ke zama tururi, tururi ya koma ruwa, malamin ya ce a tambayi yaro daga ina ɗigon da ke jikin murfin tukunya ya fito. Makon lissafin riba da faɗuwa, aka ce a ba yaro lissafin sana'ar gidan. Wata baiwar Allah mai suyar awara ta ba mu labari a taron zango na uku cewa ta zaunar da 'yarta a kan tabarma bayan Isha'i, ta faɗa mata kuɗin kwanon waken suya, da niƙa, da mai, da itace, da cinikin ranar. Yarinyar ta yi ta gogewa tana sakewa, har ta fito da ribar da ta yi daidai da canjin da ke ɗaure a bakin zanen uwar. Ta ce tun daga ranar 'yar ke kawo mata littafi da kanta. Idan aka ce iyaye su sa ido a kan karatu, irin wannan muke nufi.

Gidajen da babu babbar waya

Ba kowane gida ke da babbar waya ba, a wasu gidajen kuma wayar tana aljihun maigida a kasuwa har dare, alhali uwa ce ke tare da yaro. Saboda haka muka riƙa buga taƙaitaccen saƙon a rabin takarda sau ɗaya a wata, boko a gaba, ajami a baya. Malamin Larabci ne ya ɗauki nauyin rubuta ajamin da hannunsa ba tare da ya karɓi ko kwabo ba, Allah Ya saka masa da alheri. Wasu takardun ba su kai gida ba, mun ga an ƙunshe gyaɗa da su a bakin ƙofar makaranta. Maganin da muka samu shi ne bi ta makarantun Islamiyya na matan aure, inda malamai mata ke karanta saƙon kafin a tashi. Masu unguwanni da limamai ma sun taimaka da sanarwar ranakun taro, muna godiya.

Ranar ziyarar aji

A tsakiyar zangon farko da kuma tsakiyar zango na uku mun ware rana guda da iyaye suka shigo, kowa ya zauna inda ɗansa ke zama, ya buɗe littattafansa. Gani ya kori ji. Wani ya tarar ɗansa littafi ɗaya yake cusa wa darussa biyar. Wata ta ga 'yarta a can bayan aji take, tana runtse ido kafin ta karanta allo, daga nan aka kai ta gwajin ido. Iyaye sun ga cunkoson da malami ke fama da shi, malamai kuma sun ji ƙorafin jingar da ba a dubawa, kuma an faɗa cikin mutunci. Mata sun fi maza zuwa nesa ba kusa ba. Iyaye maza, wannan magana taku ce: sa'a biyu a zango ba za ta karya kasuwa ba.

A zango na biyu ziyarar ba ta yiwu ba. Kamar yadda kuka sani, a 2025 an tafi hutu a ƙarshen Fabrairu a nan Kano, haka ma a Katsina, Bauchi da Kebbi, hutun ya haɗe da watan azumi har bayan ƙaramar Sallah. Lokaci ya ƙure mana. Amma malaman aji uku ba su daina tura saƙon bita ga masu shirin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, ba.

Batun fashi kuwa, mun yi yarjejeniya da makaranta cewa duk yaron da aka rasa a rajista kwana uku a jere, wakilin aji zai kira gidansu. An gano masu fita da kayan makaranta su zarce wani wuri, da masu sulalewa lokacin tara, da 'yan matan da talla ke riƙewa, da waɗanda zazzaɓin damina ya kwantar. Ina roƙon iyaye da babbar murya kada kiran nan ya zama dalilin ɗauko bulala. Mun ga yaron da ya daina kai takarda gida saboda dukan da ya sha a kan ta farko. A zauna da shi a ji dalili tukuna.

Inda muka gaza

Sanarwar wasannin gidaje, muhawara da kacici-kacici ta riƙa zuwa a makare, har yara suka ci kyauta ba tare da iyayensu na wurin ba. A wani aji saƙon Alhamis ya tsaya cak na tsawon makonni bayan an yi wa malaminsa canjin wurin aiki, kuma ba mu farga da wuri ba. Wanda ya fi damuna shi ne 'yan aji uku: sun fita ba tare da mun zaunar da iyayensu an yi musu bayanin zaɓi tsakanin kimiyya, adabi, kasuwanci da makarantun fasaha ba. Yara da yawa abin da aboki ya zaɓa suke bi.

Kuɗin data da na buga takardu daga gudummawar son rai da kuka bayar suka fito, kuma ba a kori ko yaro ɗaya a kanta ba. Ma'aji zai karanto lissafinsa daban. Sai dai ku sani cewa a watanni da dama malamai daga aljihunsu suka cika.

Abin da ke gabanmu

Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja a 2025, wadda ta taƙaita darussan ƙaramar sakandare zuwa 12 zuwa 14, ta wajabta Tarihin Najeriya, ta kuma kawo sana'o'i shida da ɗalibi zai ɗauki ɗaya: haɗa sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu. Zaɓin sana'a ba abin da za a bar wa yaro ɗan shekara 12 shi kaɗai ba ne. Mun nemi Shugaban makaranta da kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, su zauna da mu a makonnin farko, a faɗa wa iyaye da Hausa wace sana'a makarantar ke da malami da kayan koyar da ita.

Muna kuma ba taro shawarar kowane aji ya zaɓi wakilai biyu, mace da namiji, a mayar da ɗaya daga cikin ranakun ziyarar aji ranar Asabar saboda 'yan kasuwa da ma'aikata, a kuma sanya taron iyayen aji uku tun a zango na biyu. Duk wanda ya canja lambar waya, ko wanda ya fi son takardar ajami, ya tsaya wurin wakilin ajin ɗansa kafin ya fita a rubuta.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa