Zafin furosesa a kwamfuta mai sanyaya da ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu ja hankalin masu haɗa wa kwamfutarsu tiyo da lagireto, domin zafin Afrilu a Zariya yana kusan digiri 40, ruwa kuma ba ya sauka ƙasa da zafin ɗaki.

Idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta haura digiri 90, a fara auna ruwan. In ya fi zafin ɗaki sosai, laifin lagireto ne: ƙurar hunturu ta toshe shi, ko fankoki na maido da iska mai zafi. A hure ƙurar.

In ruwan da sanyinsa amma furosesa na zafi, matsalar tana bulok, wato ƙarfen da ke zaune kan furosesa wanda ruwan ke bi ta cikinsa. A kwance shi, a duba ko an bar ledar gindinsa, a goge tsohon man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, a ɗaure sukurori huɗun kaɗan-kaɗan, kusurwa da kishiyarta. Siraran ramukan cikinsa ma suna cushewa. Buroshin haƙori ya isa.

Famfon da ke tura ruwan kuwa a sa shi cikakken gudu a BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, a karkata akwatin kwamfutar har kumfar iska ta koma tanki. Don Allah a daina zuba ruwan leda, kuma kada a haɗa jan ƙarfe da alminiyam, jan ƙarfen na sa alminiyam ya lalace.

Wasu masu gyaran kwamfuta,
Sabon Gari, Zariya