Zuwa ga abokina mai barewa dishi-dishi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yaran. Na san na yi laifi, wata nawa ke nan ban ce maka uffan ba. Kada ka fara, kai ma ba baya ba ne wajen shiru. Abin da ya tashe ni rubutu shi ne hotunan nan arba'in da ka zubo mini tsakar dare, da tambayarka ta wane dogon gilashi za ka saya wa kyamararka kafin tafiyarku gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu a watan Yuli. Zan zo kan tambayar. Tukuna dai, abin nan mai ruwan ƙasa da ke hoto na bakwai, barewa ce? Na nuna wa mutumin naka, ya juya waya sama da ƙasa, ya ce shi dai suri ya gani.

Na duba bayanan da kyamara ke liƙa wa kowane hoto, kuma kusan duka ciwonsu ɗaya. Ka zuƙo gilashin har ƙarshensa, milimita 300, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 100, kyamara kuma ta zaɓi ƙiftawa ta 1/60 na daƙiƙa. A wannan jinkirin, ko dutse ka ɗauka da hannu sai ya fito biji-biji. Gilashi mai jawo nesa kusa yana jawo rawar hannunka ma, ya ninka ta. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada lambar ƙiftawa ta gaza tsawon gilashi. Taka kyamarar mai ƙaramin sensa ce, wato faifan da ke karɓar haske a cikinta, 300 ɗinta tamkar 450 ne, saboda haka 1/500 shi ne mafi ƙarancin abin da za ka yarda da shi, shi ma don dabbar da ke tsaye tana kallonka. Mai tafiya, 1/1000. Mai gudu, 1/2000. Tsuntsu a sama, daga 1/2000 zuwa 1/3200. Na san za ka ce gilashinka na da na'urar hana rawa. Hannunka kawai take riƙewa, ba ta da iko da wuyan barewa.

To ina za a samo hasken? Duk lokacin da ka ninka saurin ƙiftawa, rabin haske ya tafi. Daga 1/60 zuwa 1/1000 ninki huɗu ne: 125, 250, 500, 1000. Sai ISO ya biya bashin da ninki huɗu shi ma: 200, 400, 800, 1600. Da ka yi haka da yammacin nan, da barewarka ta fito da idonta da gashin bakinta. Wani ne ya tsorata ka da cewa ISO mai yawa yana sa hoto yashi-yashi, na ma san ko wane ne. Gaskiya ne yana sawa, amma yashi ana rage shi a kwamfuta, hoton da ya girgiza kuwa sai dai shara. Ga abin da za ka yi kafin ku bar masauki. Murɗa ƙafar saiti zuwa M, wato saitin hannu, sa ƙiftawa a 1/1000, buɗe ƙofar haske zuwa f/5.6, ka sa ISO ya riƙa zaɓar kansa amma ka yi masa iyaka a 6400. Idan rana ta ɗaga, ka matse ƙofar zuwa f/8, domin irin gilashin nan naka ya fi kaifi a wurin, kuma dabba biyu da ba su jeru daidai ba za su fi fitowa tare.

Sai saitin ido, wato zaɓen wurin da zai fito tar a hoto. A hoto na goma sha biyu ciyawar gaba ta fito tar, kamar don ita ka je, gwankin da ke bayanta kuwa sai ka ce aljani. Ka bar kyamara ta zaɓi inda za ta kama, ita kuwa abin da ya fi kusa da ita take so. Mayar da ita kan ɗigo ɗaya, ka ɗora ɗigon a kan idon dabbar da ke kusa da kai. Idan ido ya fito, ko wutsiya ta ɗan yi hazo ba wanda zai kula. Ka kuma sa ta a saitin da ke bin abu mai motsi, wanda Canon ke kira AI Servo, Nikon da Sony kuma AF-C. Ka riƙa ɗauka a jere, uku ko huɗu, ka ɗaga yatsa. Ba a ce ka danne har kati ya cika da hoton jakin dawa yana tauna ba.

Af, kafin in manta, ƙaninka ya zo ya karɓi littattafan nan. Ya yi ƙiba. Ya ce in gaya maka maganar filin tana nan yadda ka bar ta, kuma wai kai ne ba ka ɗaga waya. Ni dai na isar.

Mu koma daji. A Kruger cikin mota za ka wuni, don doka ta hana sauka sai a wuraren da aka keɓe, ta kuma hana leƙo da jiki ta taga ko ta saman mota. Saboda haka abin ɗora kyamara mai ƙafa uku ba zai yi maka aiki a hanya ba. A ɗinka maka ɗan buhu mai kauri, ka cika shi da tsaba ko yashi kamar kilo biyu, ka sauke gilashin taga ka ɗora shi, kyamara ta kwanta a kai. Kuma a kashe inji. Rawar inji tana bin ƙofa ta shiga hoto, ido ba ya ganinta sai an buɗe a kwamfuta. Ka ce wa yara su daina tsalle na daƙiƙa goma, in za su ji.

Kan tambayarka ta gilashi kuwa, lokaci ya fi duk kayan da za ka saya. Ka tsaya a bakin ƙofar sansani kafin a buɗe ta da asuba. Sa'a biyu na farko da biyu na ƙarshe su ne kasuwar mai hoto: haske na zuwa daga gefe, mai laushi, yana shiga idon dabba ya sa masa ɗan ƙyalli, dabbobin kuma suna yawo. Da tsakar rana inuwa takan zauna cikin kwarmin ido, zaki yana barci ƙarƙashin itace, ƙasa kuma tana tada kawalwalniya. Wannan kawalwalniyar ita ke lalata hoton abin da ke nesa, kuma gilashin da ya fi naka tsada sau goma shi ma haka zai kwaso ta. Maganinta kusanci ne ko jira. Yuli can lokacin sanyi ne da rani, ciyawa ta kwanta, ruwa ya ja baya, dabbobi na taruwa a mashaya. Gara ka sami mashaya ɗaya ka zauna sa'a biyu da ka yi ta zagaye kana ƙona mai. Akwai tafkin Sunset Dam dab da sansanin Lower Sabie, da rumfar leƙen tsuntsaye ta Lake Panic kusa da Skukuza, inda za ka sauka ka zauna a kan benci, dorina da kada da zalɓe suna gabanka. Ka faka yadda rana za ta kasance a bayanka ko a kafaɗarka, ka kuma tuna can kudu ne, rana ta arewa take ratsawa da tsakar yini. Gudu kilomita 50 ne a kwalta, 40 a hanyar ƙasa, kuma ana rufe ƙofa kan lokaci. Na san ka da lokaci, shi ya sa na faɗa.

Kyamara tana ɗaukar duniya kamar komai toka-toka ne, shi ya sa take ruɗewa da fari da baƙi. Belbela a rana, ka rage haske da mataki ɗaya, wato -1, in ba haka ba fuka-fukanta su zama farar takarda ba zane. Shaho a sararin sama kuma ka ƙara +1 har zuwa +2, don hasken sama kan sa kyamara ta mai da shi baƙin tabo. Kunna alamar nan da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya a allo, ita za ta gaya maka gaskiya. Ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana cin wuri amma yana ba da damar gyara. Idan tsuntsu ya zauna a reshe, ka lura da inda iska ke fitowa, can zai fuskanta ya tashi, sai ka bar masa fili ta wannan gefen. Haka kowace dabba, a bar mata wuri ta inda take kallo. Kuma ka daina yanke musu ƙafafu. Ko ƙafar ta ɓuya a ciyawa, ka bar gurbinta a hoton. Raƙumin dawanka na hoto na ashirin kamar an dasa shi.

Yanzu abin da ya fi damuna, kuma ba wasa nake ba. Hoton giwar nan da ta baza kunnuwa ta ɗaga kai, a milimita 70 ka ɗauke shi kuma ta cika hoton. Malam, kun yi kusa ƙwarai. Giwar da ta baza kunne, tana kaɗa kai, tana shurin ƙasa, sallama take yi maka. Wannan ne wurin da ba a kashe inji. Kada ka tare mata hanya, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta, ka tsaya yadda za ka iya ja da baya ba sai ka juya ba. Hammar dorina ma da ake rububin ɗauka, sau da yawa nuna haƙora ne na gargaɗi. A gandun Yellowstone na Amurka har lamba suka sa: yadi 25 tsakaninka da irin su ɓaunarsu, yadi 100 tsakaninka da beyar ko kyarkeci. Muddin dabba ta bar abin da take yi saboda kai, ka wuce gona da iri. Banda filasha, banda tafi ko fito don ta waigo, banda jefa mata abinci, banda ɗan jirgin nan mara matuƙi da surukinka ke fahariya da shi, an hana shi a can. In Allah ya haɗa ka da karkanda, ka kashe alamar wuri a waya da kyamara kafin ka sa hoton a intanet, kada ka kuma rubuta hanyar da ka gan ta. Masu farautar ƙahonta su ma suna kallon hotuna.

Hoton fili da tsauni shi ne hutu, ba ya gudu. A nan mai ƙafa ukun zai yi rana, a cikin sansani ko wuraren da aka yarda a sauka. Sansanin Olifants yana kan tudu ne, kogi na shimfiɗe a ƙasansa. Sa ƙaramin gilashinka, ISO 100, f/8 ko f/11. Kada ka kai f/22, kaifin raguwa yake yi. Kashe na'urar hana rawa, sa jinkirin daƙiƙa biyu don hannunka ya bar kyamara kafin ta ƙifta, ka saita ido a kusan kashi ɗaya cikin uku na zurfin filin. Nemi wani abu a gaba, dutse ko kututture, ido ya taka kafin ya wuce. Ka daidaita layin da sama ta haɗu da ƙasa, don a hotonka na ƙarshe ruwan tafkin yana shirin zubewa ta hagu. Da dare in kana son taurari: milimita 18, ƙofa a buɗe duka, ISO 3200, daƙiƙa 15, ka saita ido da hannu a kan tauraro mai haske. Ka wuce daƙiƙa 20, ɗigo ya fara zama zare.

Ƙura kuma, kada ka canja gilashi taga a buɗe. In dole ne, ka rufe tagogi, bakin kyamara na kallon ƙasa. Hura da ɗan famfon roba kafin ka goga da ƙyalle, don gogar ƙura a bushe karce ne. Batir biyu aƙalla, ɗaya a aljihun ciki saboda sanyin asuba na shanye shi. Kati biyu matsakaita sun fi babba ɗaya. Kafin tafiyar nan ka yi mako biyu kana gwadawa da tantabaru da yara masu ƙwallo, har yatsunka su san maɓallan ba sai ka duba ba.

Ka ji an sa ranar auren autar gidan su Malam? Da wanda muka ce ɗin. Ka ci bashin dariya, sai mun haɗu. Mutumin naka yana gaishe ka, ya ce in ka dawo ka aiko masa da hoton suri na gaske ya kwatanta. Ka gaida uwargida, ka ce mata ita ta riƙe agogo ranar da za ku shiga daji. Ka kira ƙaninka.

Naka har kullum.