Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ɗalibar da ta tambaye ni dalilin gyaran tsohon layin metro

Assalamu alaikum ɗiyata,

Ina fatan kina lafiya, ke da iyayenki da malamanki. Ranar da aka gayyace ni in yi wa ɗaliban fannin injiniya jawabi a nan Yamai, kin miƙe a gaban jama'a kin yi mini tambaya daidai lokacin da taro yake shirin watsewa, sai na ba ki amsa a gaggauce, wadda na san ba ta gamsar da ke ba. Abin da kika ce, gwargwadon yadda na riƙe shi, shi ne: don me manyan birane suke ta zuba dukiya wajen gyaran layin jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, wanda ya haura shekara ɗari, maimakon su bar shi su haƙa sabo, kuma mu da ko layi ɗaya ba mu da shi, mene ne namu a cikin wannan magana? Tun da a bainar jama'a kika yi tambayar, na ga ya dace amsarta ma ta fito fili. Shekara 24 na yi ina aikin kula da dogo a ƙarƙashin wani birni na Faransa, galibi da tsakar dare, saboda haka rabin abin da zan faɗa miki daga karatu na same shi, rabi kuma daga abin da hannuna ya taɓa.

Ki tuna da rijiya irin ta ƙasar Adar, wadda kakanni suka sha wuya suka fasa dutse gaba da yawa kafin su tarar da ruwa. Idan guga ya yage, ko igiya ta tsinke, ko laka ta taru a ƙasanta, ba wanda zai ce a binne ta a koma gefe a fara sabuwa. Guga ake sakewa, a tufka sabuwar igiya, a shiga a yashe ta. Ramin metro ma haka yake. Dukiyar layi ita ce ramin kansa da gurbin da ya samu a tsakiyar gari, domin tun da aka haƙa shi birni ya ginu a kansa, kasuwanni da makarantu da ma'aikatu sun zauna a bakin tashoshinsa, ƙarƙashin tituna kuma ya cika da bututun ruwa da wayoyin lantarki da harsashin dogayen benaye, har ya zama da wuya a sami wani sarari a wurin da jama'a suke buƙatar jirgin. Landan ta buɗe layinta na farko a 1863, Faris a 1900, Niyok a 1904, kuma har yau jirage suna bin waɗannan ramuka. Don ki san tsadar sabon haƙa, kashin farko na layin Second Avenue a Niyok, wanda aka buɗe a farkon 2017, tsawonsa kimanin kilomita 3 ne da sababbin tashoshi 3, amma ya ci kusan dalar Amurka miliyan 4,500.

Abin da yake tsufa shi ne kayan da ke cikin ramin, kuma babban abin da yake tsofar da su ruwa ne. Duk rami da ke ƙarƙashin gari yana zubar ruwa ko da rani, har ma a Niyok injina sukan janye kimanin galan miliyan 13 a ranar da ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Ba zan manta da wani dare ba, muna tafe da fitilu muna duba dogo, sai abokin aikina ya buga guduma a kan wani ƙarfe, sautin ya fito a dakushe. Daga sama ƙarfen yana sheƙi kamar sabo, saboda ƙafafun jirgi suna goge shi kullum, amma da muka tone tsakuwar da ke gindinsa sai muka tarar tsatsa ta cinye shi har ya yi siriri, domin wata ƴar magudana ta toshe shekara da shekaru ba a kula ba. A watan nan ne kuma aka gama yi wa tashar da ke gaba da wurin sabon fenti da sababbin kujeru. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini an sabunta layi, magudanarsa nake fara tambaya. Mutanen Niyok sun ga wannan a babban sikeli a watan Oktoba na 2012, lokacin da guguwar Sandy ta tura ruwan teku cikin ramuka da dama, ciki har da ramin layin L da ke bi ta ƙarƙashin kogin East River. An janye ruwan cikin ƴan kwanaki, jirgi ya ci gaba da aiki, amma gishirin ya zauna a cikin siminti yana cin wayoyi a ɓoye, har ta kai ga dole a yi babban gyara bayan shekaru.

Sai dai abin da nake so ki fi riƙewa, tun da fanninki lantarki ne, shi ne maganar sigina, wato fitilu da na'urorin da ke ba jirgi umarnin tafiya ko tsayawa, domin nan ne gyara yake zama sabuntawa ta gaskiya. A tsohon tsari akan yanka layi gunduwa-gunduwa, a saki ƙaramar wutar lantarki a cikin ƙarafan kowace gunduwa. Idan jirgi ya shigo, ƙafafunsa na ƙarfe sukan haɗa ƙarafan biyu, wutar ta kauce daga hanyarta, sai fitilar da ke bayansa ta koma ja, wanda ke tafe ya tsaya. Tsari ne mai hikima, kuma an gina shi yadda duk wata tangarɗa za ta jawo tsayawa maimakon karo, amma yana da aibu biyu. Ba ya sanin ainihin inda jirgi yake a cikin gunduwar, sai dai ya san yana ciki, don haka dole a bar tazara mai faɗi tsakanin jirage. Kuma idan danshi ko lalatacciyar waya ta haɗa ƙarafan, sai ya ɗauka jirgi ne, ya kunna ja, dubban mutane su maƙale a cikin rami alhali babu komai a gabansu. A wasu sassan Niyok an daɗe ana aiki da na'urorin da aka kafa tun shekarun 1930, waɗanda masana'antun da suka ƙera su sun daina yin irinsu, sai ma'aikata su gyara tsofaffin da hannu. A sabon tsari kuwa kowane jirgi yana sanar da kwamfuta ta hanyar rediyo inda yake da gudun da yake yi, kwamfutar ta lissafa nisan da birki zai iya tsayar da shi, ta bar na baya ya matso gwargwadon haka. Da irin wannan sabuntawa layin Victoria na Landan, wanda aka buɗe a 1968, ya kai ga wucewar jirgi 36 a cikin awa ɗaya lokacin cunkoso, wato duk daƙiƙa 100 jirgi yana isowa. Ramin bai ƙara faɗi ko da taƙi ɗaya ba, amma mutanen da yake ɗauka sun ƙaru ƙwarai.

Wahalar ita ce duk wannan aiki a kan layi mai rai ake yin sa. A Faris jirgin ƙarshe yakan shiga masauki bayan ƙarfe ɗaya na dare, na farko ya fito wajen biyar da rabi na asuba, kuma kafin a kashe wuta, a tabbatar ta mutu, a shigo da kaya, sannan a ware lokacin kwashe su da gwada komai, abin da ya rage wa ma'aikaci bai fi awa uku ba. Duk abin da aka kwance dole a mayar da shi kafin gari ya waye. Saboda haka hukumar kowane birni takan tsaya tsakanin zaɓi biyu masu ɗaci: ta rufe layin gaba ɗaya a gama da wuri, ko ta riƙa gutsurar aikin dare-dare har tsawon shekaru. Faris ta bi hanya ta biyu da layinta na 1, wanda aka buɗe a 1900: aka kafa ƙofofin gilashi a bakin dakalin jira na tashoshinsa 25, aka sauya sigina, daga Nuwamba 2011 jirage marasa direba suka fara tafiya a cakuɗe da masu direba, zuwa ƙarshen 2012 aka kammala, ba tare da an taɓa rufe layin na dogon lokaci ba. Boston ta Amurka ta bi hanya ta farko a 2022, bayan wani jirginta ya kama da wuta a kan gada, ta rufe layin Orange kwana 30 cur, ta zuba motocin safa a madadinsa. A Niyok an shirya rufe ramin layin L na wata 15 daga Afrilu 2019, sai a watan Janairu na shekarar aka sauya shawara bisa ra'ayin masana daga jami'o'in Columbia da Cornell: maimakon a farfasa simintin da tsofaffin wayoyi ke ciki, aka rataye sababbi a jikin bango, aka yi aikin da dare da ƙarshen mako, aka gama a Afrilu 2020.

Idan kin tambayi ra'ayina, aikin dare ya fi tsada kuma yana gajiyar da ma'aikata, gajiya kuwa ita ce uwar kuskure, amma rufe layi talaka yake fara bugewa, mai shara da mai gadi da ma'aikaciyar asibiti waɗanda ba su da mota kuma ba za su iya yin aikinsu daga gida ba. Ina goyon bayan rufewa idan an bar lalacewa ta kai ga barazana ga rayuka, da sharaɗin a tanadi motocin madadi kafin a rufe, a kuma faɗa wa jama'a ranar buɗewa a cika alkawari. Sababbin taragu kuwa, waɗanda su ne ido yake fara gani, su ne mafi sauƙin lamarin, domin akan saye su ne bayan kimanin shekara 30 zuwa 40. Abin da ya fi su wuya shi ne samar wa guragu da tsofaffi hanyar sauka, domin magabata matakala kawai suka gina, shi ya sa har yau mafi yawan tsofaffin tashoshin Faris ba su shiguwa ga mai keken guragu, abin da yake damuna ƙwarai.

Da ma layi ba ya lalacewa dare ɗaya, ɗage gyara ne yake taruwa. Sabon gini yana da ranar buɗewa da kiɗa da manyan baƙi, sauya waya a cikin duhu kuwa ba mai ganinsa, saboda haka idan kuɗi suka yi ƙaranci kason gyara ake fara yankewa. A Washington hayaƙin lalatacciyar wayar lantarki ya cika rami a Janairu 2015, mace guda ta rasu, kuma ranar 16 ga Maris 2016 aka rufe dukkan layukan birnin wuni guda don a duba wayoyi. A 2017 gwamnan jihar Niyok sai da ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan metron birnin.

Yanzu na zo ga rabin tambayarki na biyu. Alƙahira ta buɗe metro na farko a Afirka a 1987, ga shi ita ma ta kai lokacin babban gyaran layinta na 1. Adis Ababa ta ƙaddamar da jirginta na cikin gari a 2015, amma cikin ƴan shekaru da yawa daga cikin jiragen suka zauna saboda rashin kayan gyara. Mu kanmu an shimfiɗa mana dogo mai kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, wanda aka yi bikinsa a 2016, bai kuma taɓa yin jigilar yau da kullum ba. Gaskiyata ita ce ban ga Yamai tana buƙatar rami yanzu ba. Garin da kogin Isa, wato Kwara, ya fasa madatsa ya shiga unguwanninsa irin su Lamorde a damunar 2020, garin da ya sha duhu lokacin da aka yanke masa wutar Najeriya a Agusta 2023, dole ya fara da magudanai da tsayayyen lantarki, domin rami ba ya daɗewa yana aiki idan injin janye ruwa da na iska suka tsaya. Manyan motocin safa masu hanyarsu ta musamman, irin waɗanda Dakar ta fara aiki da su a 2024, sun fi kusa da ƙarfinmu, kuma za su rage wa mai fitowa daga Harobanda jiran faba-faba da cunkoson gadar Kennedy.

Amma ko safa ce, ko jirgin kan titi, ko metro wata rana, ku ne za ku zauna a teburin da za a sa hannu a kan takardar saye. Ina roƙonki ranar ki tambayi mai sayarwa shekara nawa zai ci gaba da ƙera kayan gyara, wa zai riƙe mabuɗin manhajar kwamfutar, ƴan ƙasa nawa za a horar kuma a ina za a gina ma'aikatar gyara, an gwada na'urorin a cikin ƙurar hunturu da zafin Afrilu ko ba a gwada ba, sannan nawa aka ware a kasafin kowace shekara don kula da abin bayan an watse daga biki. Idan aka ce miki za a duba wannan daga baya, kada ki sa hannu.

Na ajiye wasu tsofaffin zane-zanen sigina da nake koyar da sababbin ma'aikata da su. Ki gaya wa malaminku, in ya amince zan kawo su makaranta bayan hutu, mu shimfiɗa su a kan tebur ke da ƴan ajinku, mu bi wayar ɗaya bayan ɗaya tun daga dogo har zuwa fitila. Ki gaishe mini da mutanen gida.

Wassalam,
Babanki, tsohon ma'aikacin dogo,
Yamai.