Mutuwar kifi a hunturu: a duba sanyi kafin a zuba magani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da masu kiwon tarwaɗa da karfasa a birnin Kano. Daga Disamba zuwa Fabrairu ake yawan wayar gari a tarar kifi ya mutu, sai a zargi abinci, ko a garzaya kemis a sayo magani a zuba. Sau da yawa sanyi ne tushen matsalar.

Jinin kifi yana da gishiri kimanin giram 9 a lita, ruwan da yake ciki kuwa kusan babu. Saboda haka dare da rana ruwa na kutsawa jikinsa ta jan naman nan da ke ƙarƙashin murfin kunnensa, wanda yake numfashi da shi, gishiri kuma na zurarewa waje. Kifin yana fitar da ruwan ta fitsari mai yawa, sannan wasu ƙwayoyin halitta a jan naman su jawo gishiri su mayar cikin jini. Wannan jawowa tana cin ƙarfi, kuma tana son ɗumi. Tarwaɗa ta fi walwala idan zafin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30 a ma'aunin Celsius. Idan ruwa ya sauka ƙasa da 20 aikin sai ya yi rauni, alhali zurarewar ba ta tsaya ba. Gishirin jini ya ragu, kifi ya daina cin abinci, ya kwanta a ƙasa, wani farin abu kamar auduga ya kama fatarsa. Karfasa ta fi saurin galabaita, wajen digiri 11 ma mutuwa take yi. 'Ya'yan kifi su ne kan gaba wajen asara.

Abin yi na farko shi ne ma'aunin zafi, a auna da asuba. Da magariba a rufe tafki da leda ko tampol, a bar ƙofar iska, kuma kada zurfin ruwa ya gaza mita ɗaya. Ruwan da ya kwana a tankin sama yakan yi sanyi ƙalau, wanda ya fito daga burtsatse kai tsaye ya fi ɗumi. A canza ruwa da rana, kashi ɗaya cikin uku, kada bambancin zafi ya wuce digiri 2 zuwa 3 a lokaci guda.

Gishirin girki yana rage wa kifi wahala: kilo 1 zuwa 2 a lita 1,000. A narkar da shi a bokiti, a zagaya ana zubawa, kada a watsa shi a bushe. Inda ake kuskure shi ne ƙara cikakken awo kullum. Gishiri ba ya bin iska, don haka gwargwadon ruwan da aka zubar kaɗai za a mayar.

Abinci a rage shi, a ba su wajen azahar. Wanda ba su ci ba ruɓewa yake, ya ƙona jan naman da ake son ya warke. Ina kuma roƙon 'yan'uwa su dakatar da tantance kifi, wato ware manya da ƙanana, da safiyar hunturu, domin kamu yana goge yauƙin da ke tare gishiri a jikinsa.

Wassalam,
Wani mai kiwon kifi,
Hotoro, Kano.