A taimaka wa masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan binciken lafiyar ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da irin wannan larura, amma abin da gwamnatoci ke ware mata bai wuce kusan kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ba. Bincike kuwa, sai abin da ya rage.

Akwai masu ba da tallafi, irin su gidauniyar Wellcome da ke Landan, sai dai kafin su saki kuɗi suna son ganin alƙaluma. Nan fa ake yin ta. Bayanan suna nan jibge a asibitoci da yawa, cikin katunan marasa lafiya da aka rubuta da hannu, an ɗaure da igiya, ƙura ta rufe. Wannan yana damuna ƙwarai.

Roƙona, ma'aikatun lafiya su shigar da katunan nan cikin kwamfuta, su cire sunaye domin sirrin mara lafiya amana ce, sannan su buɗe wa jami'o'i ƙofa.

Naka,
Wani mai karatu