A Fara Gyaran Filin Wasanmu Daga Ƙasar Da Yara Ke Takawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni dama a wannan shafi domin in yi magana a kan filin wasan da ke hedikwatar ƙaramar hukumarmu a nan Jihar Jigawa, wanda muka ji labarin ana shirin gyara shi. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi shekara 35 ina koyarwa a ƙauyuka, kuma a mafi yawan makarantun da na zauna ni aka ɗora wa kula da wasanni. Har yanzu da na yi ritaya, duk ranar Asabar da Lahadi nakan raka yaran ƙauyenmu zuwa wannan fili, wasu a kan keke, wasu a ƙafa, domin su buga ƙwallo da takwarorinsu na cikin gari. Labarin gyaran ya faranta mini rai ƙwarai, amma ya zo mini da fargaba, saboda na taɓa ganin an gyara wannan fili, na kuma ga yadda aka ƙare.

Duk wanda ya je wurin bayan sallar La'asar zai tarar da yara fiye da yadda filin zai iya ɗauka, sun kasu gida uku ko huɗu, kowane rukuni ya kafa raga da takalma ko da duwatsu. Ragar ƙarfen da ta rage guda ɗaya ce, tsatsa ta cinye gindinta har ta karkace. Tsidau da ƙarangiya sun mamaye gefen yamma, kusurwar gabas ta koma juji, masu babura kuma sun fitar da hanya ta tsakiyar fili domin su yanke zuwa kasuwa, ta yadda sai a tsayar da wasa a jira mai lodin buhu ya wuce. A bara wani yaro ɗan shekara goma sha biyu daga cikin waɗanda nake rakawa, wanda ba shi da takalmin ƙwallo kamar yawancinsu, ya taka fasasshiyar kwalba yana tsaka da gudu. Ni na ɗaure masa tafin ƙafa da hularsa, na riƙe shi a bayan babur har asibiti aka yi masa ɗinki. Da na mayar da shi gida, mahaifinsa bai yi mini faɗa ba, sai dai ya ce, "Malam, a bar ƙwallon nan haka." Tun daga ranar yaron bai sake zuwa ba, kuma shi ne ya fi kowa iya tare ƙwallo a cikinsu.

Gyaran da aka yi a wancan karon ya ƙare ne a kan abin da ido zai gani daga bakin titi. An shafa wa ƙofa fenti, an gina rumfar manyan baƙi mai rufin kwano, an kafa allo, an yi taron buɗewa da kiɗa da jawabai. Ƙasar da ake wasa a kanta kuwa, ko shebur ɗaya ba a zuba mata ba. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi a daminar da ta biyo baya ya mayar da tsakiyar filin tafki, iska ta yaye rabin kwanon rumfar, kuma babu wanda ya dawo ya duba. Ba na faɗin wannan domin in tona asirin kowa. Ina faɗa ne domin kada a sake kashe kuɗin jama'a ta wannan hanya, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya kamata a fara da shi, kafin bulo ko buhun siminti ya sauka, shi ne iyakar filin. Dattawan garin sun san inda ta tsaya a da, ni ma na sani, domin lokacin da muke kai ɗalibai gasar makarantu akwai wurin tsere a kewaye da filin ƙwallon, har da sarari a bayansa inda ake kokawa. Yau shaguna sun ci wani ɓangare, wani ya kafa gareji, wani ya ja katangar gidansa ta shigo. Haka filayen wasa ke ɓacewa a garuruwanmu, taku ɗaya yau, taku ɗaya gobe, ba tare da an ji ƙarar komai ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filaye a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka a yankunan karkara, saboda haka hanyar kare wannan fili a buɗe take ga mahukunta. A kawo safiyo ya auna shi a gaban hakimi da dagatai da masu unguwanni, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da takarda da sunan filin wasa na al'umma, sannan a zagaye shi da katanga. Cikakken filin ƙwallo irin wanda ake buga manyan wasanni a kai yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, ban da sararin da ake bari a gefe. Idan aka ƙara sakaci na wasu shekaru, abin da zai rage ba zai kai haka ba, kuma duk kuɗin da aka zuba daga baya ba zai dawo da ƙasar da aka gine ba.

Bayan iyaka sai ruwa, kuma a nan ne nake so masu aikin su fi tsayawa su yi tunani. Matsalarmu da ruwa iri biyu ce: watanni uku ko huɗu yana yi mana yawa, sauran watannin shekara kuma babu shi. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Ringim da Haɗejiya da Auyo ya san cewa ƙasar Jigawa shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa idan ya sauka ba ya saurin samun hanyar wucewa. Filin ƙwallo mai kyau ana ɗaga tsakiyarsa kaɗan, a bar shi ya gangara zuwa gefuna da misalin santimita ɗaya a kowace mita, gangaren da ɗan wasa ba zai ji shi a ƙafa ba amma ruwa zai bi shi. Sai a haƙa magudana a kewaye, a haɗa ta da kwalbatin da ke bakin titi. Namu filin a halin yanzu kamar akushi yake, tsakiyar ce ta fi zurfi, saboda shekara da shekaru ana taka ta, wasu kuma suna ɗibar ƙasa da dare domin yin gini. Cike shi da daidaita shi da daddanne shi aiki ne da ba ya fitowa da kyau a hoto, amma shi ne ainihin gyaran.

Na ji matasa suna ta murna cewa za a shuka ciyawa kamar ta filayen da suke gani a gidan kallo. Ina son ciyawa kamar yadda suke so, amma a yi lissafi tukuna. Fili mai mita 105 da 68 ya kai murabba'in mita 7,140. Idan za a ba shi ruwa mai zurfin milimita biyar kacal a rana, ana bukatar lita 35,700, kuma kowa ya san zafin watan Afrilu da Mayu a wannan yanki, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40. Wannan ba aikin 'yan garuwa ba ne. Sai da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da babban tanki, da mutumin da aikinsa ke nan kullum. Idan an tanadi waɗannan, to kiri-kiri, wadda ke fitowa da kanta a bakin fadamunmu, ita ce ta fi dacewa, domin tana jure taku da fari, kuma tana yaɗo ta rufe inda ya ƙwaƙule. Idan ba za a iya ba, gara a faɗa wa jama'a gaskiya a yi fili na ƙasa mai laushi, a tace shi daga tsakuwa da kwalabe da ƙaya. Ciyawar roba kuwa tana ɗaukar zafi ƙwarai a tsakar rana, yaranmu kuma da yawa ba su da takalmi, sannan idan ta tsufa sai an sake shimfiɗa sabuwa da kuɗi mai yawa.

Ina kuma roƙon a tuna da ƙananan yara. A duk filin da manya da yara suka haɗu, da zarar samari sun iso sai a kori 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu su koma bakin titi, alhali a wannan shekarun ne ƙafa ke koyon ƙwallo. Yaro ƙarami ba ya bukatar babban fili da raga mai faɗin mita 7.32, wadda ko ya yi tsalle ba zai taɓo sandarta ta sama ba. Ƙananan filaye biyu a gefe, masu ƙananan raguna, inda za a riƙa buga biyar da biyar ko bakwai da bakwai, za su amfani yara fiye da rumfar manya. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, kuma an buga wasu wasannin wannan gasa a filin Sani Abacha da ke Kano lokacin da ƙasar nan ta karɓi baƙuncinta a 2009. Kano Pillars, wadda yaranmu ke kira Sai Masu Gida kamar a unguwarsu take, ta ɗauki kofin firimiyar Najeriya a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Ahmed Musa a wannan ƙungiya ya yi suna kafin ya tafi Turai, har ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014. Yaran ƙauyenmu sun haddace duk wannan. Abin da ba su da shi shi ne wurin da za su fara, domin ɗan manomi daga nan ba zai iya zuwa Kano ko Dutse atisaye ba, kuma mai neman 'yan wasa ba zai zo inda babu gasa mai tsari ba. Ban ce kowane yaro zai zama ɗan ƙwallo ba, kuma ban taɓa yarda wani ya bar makarantar boko ko ta allo saboda wasa ba. Amma na ga da idona bambancin yaron da ke komawa gida da Magariba a gajiye da gumi, da wanda ke yini a bayan tasha tare da masu shaƙar sholisho da shan maganin tari, wanda har gwamnatin tarayya ta hana shigo da mai kodin da sarrafa shi a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa.

Filin nan kuma bai kamata ya zama na 'yan ƙwallo kaɗai ba. Dattawa da yawa masu hawan jini da ciwon suga an ce musu su riƙa tattaki, amma babu inda za su yi sai gefen titi tsakanin motoci. Hanyar tafiya a cikin katanga, da layin bishiyoyin darbejiya da 'yan kujerun siminti a ƙarƙashinsu, za ta wadatar da su bayan sallar Asuba. A bar sarari mai yashi domin kokawa da dambe da langa idan kaka ta yi. 'Yan mata na makarantu su ma suna da darasin motsa jiki a jadawalinsu, kuma iyaye za su yarda su zo idan akwai katanga, aka ware musu lokaci tare da malamansu mata. Duk wannan ba zai yiwu ba sai da banɗaki mai ruwa, na maza daban na mata daban, da famfon sha da alwala.

Abin da ya kashe gyaran baya shi ne rashin mai kula. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina wuraren shaƙatawa da filayen jama'a da kula da su a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saboda haka albashin mai gadi da mai ban-ruwa, da ɗan abin gyaran famfo, ya dace su shiga kasafin kowace shekara. A kafa kwamitin da ya ƙunshi masu horar da yara, da malaman makaranta, da wakilin hakimi, da wakilan ƙauyukan da ke kewaye, su riƙe makulli su tsara lokacin kowa. A hana shigar da manyan motoci da kafa rumfunan taron siyasa ko na biki a kan wurin wasa, domin turaku da tayoyi na yini ɗaya suna lalata aikin wata shida. Sannan a liƙa a bakin ƙofa abin da aka ba ɗan kwangila ya yi da ranar da zai gama, kowa ya karanta.

Ina roƙon injiniyoyin da za su tsara aikin su zo su ga filin washegarin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, su kuma dawo wata rana da La'asar lokacin da yara suka cika shi. Mu da muke raka yaran nan a shirye muke mu zagaya da su, mu nuna musu inda ruwa ke kwanciya da inda tsohuwar iyaka take, kuma matasan ƙauyenmu sun riga sun yi alkawarin fitowa aikin gayya domin kwashe jujin gabas ranar da aka sa.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Daga wani tsohon malamin firamare,
Jihar Jigawa.